Arashi Da Tsari: Zanen Gani Odutokun Daga Bakin Matan Fada

Akwai wata tambaya da duk wanda ya taɓa nuna wa mutanenmu zanen zamani ya san da ita. Mu ma mun sha ta kwanan baya a Birnin Kebbi, a rumfar wani dattijo maɗinkin manyan riguna da muka saba zama wurinsa bayan la'asar. Mun miƙa masa waya, muka buɗe masa hotunan wasu zane-zanen marigayi Gani Odutokun, wanda ya koyar da zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ya karɓa, ya gyara zaman tabarau, ya juya wayar sama da ƙasa, sannan ya ɗago ya ce, "To 'ya'yana, mi yaz zana?" Yana wannan tambaya ne alhali ga babbar riga shimfiɗe a cinyarsa, yana tsakiyar cika aska takwas. Muka ce, "Baba, kai fa me ka zana a nan?" Ya yi dariya, ya ce ai wannan aiki ne, ba hoto ba.

Wannan amsa ita ta sa muka zauna rubuta sharhin nan. Dattijon ya shekara fiye da arba'in yana jera layi da kusurwa da da'ira a ƙirjin riga, bai taɓa jin wani ya tsare shi da cewa sai ya faɗi abin da suke nufi ba. Amma da aka nuna masa layi da launi a kan yadi mai kusurwa huɗu, aka ce masa zane ne, nan take ya shiga neman doki ko fuskar mutum a ciki. Abin da muke son dubawa shi ne inda wannan rabuwa ta samo asali, da kuma abin da nunin waiwaye, wato baje kolin da ake tara ayyukan mutum ɗaya tun daga farkonsa har ƙarshensa, zai iya yi a kanta.

Mu fara da mutumin. An haifi Gani Odutokun a shekarar 1946 a garin Nsawam na ƙasar Gana, iyayensa Yarbawa ne 'yan asalin Offa. Ya zo Zariya karatu, ya kammala digirin farko a sashen zane a 1975, na biyu a 1979, ya kuma ci gaba da koyarwa a nan har ƙarshen rayuwarsa. A watan Fabrairun 1995 ya rasu a haɗarin mota, a kan hanyar dawowa Zariya daga Legas, bai cika shekara 50 ba. A ƙarshen wannan shekarar aka rataya ayyukansa a zauren Whitechapel na Landan, cikin wani babban nuni na zanen zamani na Afirka. Shekara biyar bayan rasuwarsa, a 2000, aka shirya nuni na musamman a kansa a zauren Brunei na makarantar SOAS, a Landan ɗin dai, wanda ya haɗa ayyukansa da na masu zanen da suka taso a hannunsa ko suka yi aiki tare da shi. Sunan nunin da Turanci "Accident and Design", kuma ba masu shirya nunin suka ƙirƙiro kalmomin ba, da su aka san tunanin Gani game da zane tun yana raye.

Fassara wannan suna kaɗai ya isa darasi. Kalmar farko a Turanci tana ɗauke da ma'ana biyu a ciki ɗaya: abin da ya faru ba da niyya ba, da kuma abin da ya faru ya yi ɓarna. Hausa ba ta yarda da wannan haɗi ba. Muna da haɗari, muna da tsautsayi wanda ba ya wuce ranarsa, muna da katari da dace, muna kuma da arashi, wato haɗuwar abubuwa biyu ba tare da an shirya ba. Haɗari ne ya ɗauke Gani, amma da arashi ya yi aiki. Muna jaddada wannan ne domin duk nunin da aka shirya bayan mutuwar farat ɗaya yana da wata jaraba: mai kallo ya shiga zauren da labarin mutuwar a kansa, ya riƙa ganin kowane malalen fenti kamar ishara ce ga abin da zai faru a kan titi. Wannan karatu bai yi wa mai zanen adalci ba. Mutum ne da ke tsakiyar aikinsa, yana koyarwa, yana cikin waɗanda suka kafa mujallar zane ta The Eye a Zariya a farkon shekarun 1990, yana gwada sababbin hanyoyi. Ayyukansa na ƙarshe ayyukan mai shirin gobe ne.

Yaya yake aikin? Yakan tsinka fentin mai har ya zama ruwa-ruwa, ya zuba shi a kan yadin zane, ya bar shi ya gudana. Launi ya haɗu da launi, wani ya shige cikin wani, wani ya ture ɗan'uwansa, wani ya taru a gefe ya yi kauri, wani ya tsage ya yi rassa. Har zuwa nan mai zane yana da iko a kan kaurin fenti, da wurin da ya zuba shi, da yadda ya karkata yadin, amma ba shi da iko a kan takamaiman hanyar da ruwan zai bi. Sai kashi na biyu ya zo, inda zai tsaya ya karanta abin da ya samu, ya yanke shawarar abin da zai bari da abin da zai rufe, inda zai ja layi da inda zai ɗauke hannu. Arashi ke nan da tsari.

Ba shi ya fara zuba fenti a duniya ba, kuma babu amfanin mu yi kamar shi ya fara. Jackson Pollock a Amurka ya shimfiɗa yadi a ƙasa yana ɗiga masa fenti tun daga 1947. Helen Frankenthaler ta tsinka fenti ta bar yadi ya tsotse shi a 1952. Frank Bowling, ɗan asalin Guyana da ke aiki tsakanin Landan da New York, ya yi ta kwarara fenti daga sama a shekarun 1970. Inda Gani ya bambanta, a ganinmu, shi ne bai amince wa malalen ya zama ƙarshen magana ba. Sau da yawa yakan koma cikinsa ya tsamo siffa: kai, kafaɗa, taron mutane, wani abu mai kama da fili ko sararin sama. Siffar ba ta fitowa gaba ɗaya, ba ta kuma nutsewa gaba ɗaya. Mai kallo yana ganinta ne kamar yadda ake hango mutum a cikin hazon hunturu.

Mu da muka tashi a kwarin Rima muna da hanyar fahimtar wannan da ba sai mun je Landan ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Matan Fada ranar babban su na bikin Argungu ya ga arashi da tsari da idonsa. Ana ba da alama, dubban masunta su ruga cikin ruwa da homa da gora, ruwan ya rine ya koma laka, babu mai ganin abin da ke ƙarƙashinsa. Baƙon da ya zo kallo zai ɗauka sa'a ce kawai ke ba mutum giwan ruwa. Amma ka tambayi Bakabe masunci, zai gaya maka akwai wanda ya san inda gurbi yake, ya san yadda kifi ke gudu idan an tada shi, ya san lokacin buɗe homa da lokacin haɗe ta. Ba shi ya sa kifin a ruwa ba, ba shi ya nuna masa hanya ba. Gwanintarsa tana cikin saurin gane abin da ruwa ya kawo, da sanin abin da zai riƙe da abin da zai saki. Haka ma fadama bayan ambaliya ta janye: laka ta bushe ta tsattsage, ruwa ya bar sawunsa layi-layi, manomin shinkafa ya tsaya ya karanta ya san inda zai yi kunya da inda zai bari. Wanda ya saba da irin wannan kallo ya riga ya mallaki rabin abin da ake bukata a gaban zanen Gani.

To sai dai kiransa mai zane marar siffa, kamar yadda ake yawan yi a taƙaice, yana ɓoye rabin mutumin. Gani ya rayu ya yi aiki a zamanin mulkin soja, ya ga shekarun Babangida daga 1985 zuwa 1993, ya ga farkon na Abacha. A cikin waɗannan shekaru ya yi jerin zane-zane a kan sarki da sarauniya, kuma ɗaya daga cikin sanannun ayyukansa sunansa, idan aka mayar da shi Hausa, "Sarki Yana Raha Da Janar-Janar Ɗinsa". Babu wanda ya rayu a Nijeriya a lokacin da zai bukaci a yi masa bayanin ko wane ne ake nufi, babu kuma sunan da aka ambata balle a kama wani. Wannan dabara mun san ta. Ita ce ta habaici da zambo, ita ce ta mawaƙin fada da zai soki wani basarake da siffa, kowa a wurin ya gane, wanda aka soka kuma ba shi da bakin ƙara. Wani aikin nasa, "Hira Da Mona Lisa", ya kawo shahararriyar matar nan ta zanen Leonardo da Vinci ya haɗa ta da sassaƙen Afirka wuri guda, yana tambayar wa ya ara daga wa, tun da an san yadda Picasso da abokansa suka ɗebi siffofin sassaƙen Afirka a farkon ƙarni na 20. Mutumin da ya yi waɗannan ba gudun duniya ya yi ya ɓuya cikin launi ba. Hannu ɗaya ne ya yi malalen ya kuma yi habaicin, kuma muna ganin tunani ɗaya ne: a ƙasar da ake kwana da gwamnati a tashi da wata, wa zai ce maka ya san iyakar tsari da arashi?

Wannan shi ne babban amfanin nunin waiwaye. Zane ɗaya rataye a bangon ofis ado ne kawai. Idan aka jera talatin bisa shekarunsu, sai su zama hujja. Mai kallo zai ga inda mutum ya fara da kwaikwayon malamansa, inda ya gaji da hakan, inda ya gano wata hanya, inda ya yi ta maimaita ta har ta kusa zame masa sabo, da inda ya fasa ta da gangan. Zai ga cewa malalen da ya ɗauka wasan yara ne ya fito daga hannun da ya iya zana mutum sak, ya zaɓi ya bari. Tambayar dattijonmu, me ya zana, takan mutu da kanta a irin wannan zaure, wata ta maye gurbinta: me ya sa ya bar wancan ya koma wannan?

Amma nunin na 2000 yana da nasa rauni, kuma mafi girma shi ne wurin da aka yi shi. Aikin da aka yi a Samaru, aka yi shi a kan halin da Nijeriya ke ciki, sai da ya haye teku kafin a tara shi a zauren da duniya za ta lura. Mu da muke Kebbi hoto muka samu, hoto kuwa yana cin amanar irin wannan zane fiye da kowane iri. A fuskar waya, yadin da ya kai tsawon mutum da wanda bai wuce tafin hannu ba duk girmansu ɗaya. Kaurin fenti, da sheƙinsa, da wurin da ya taru ya bushe da tudu, duk sun baje. Abin da muka miƙa wa dattijon nan inuwar aikin ce, don haka ba mu ga laifinsa ba da ya nemi doki a ciki.

Rauni na biyu yana cikin ragowar sunan nunin, inda aka ce da tasirinsa. Hanyar zuba fenti tana da sauƙin kwaikwayo. Ɗalibi zai iya koyon tsinka fenti da karkata yadi cikin mako guda, ya samu abin da zai burge mai saye. Abin da ba ya koyuwa cikin mako shi ne kashi na biyu, wato tsayawa a karanta, da ƙarfin halin rufe wuri mai kyau saboda bai dace da sauran ba. Idan arashi ya zama abin da ake kira kullum ya amsa, ya tashi daga arashi ya koma sabo. Duk makarantar da ta taso a bayan babban malami tana fuskantar wannan, ko ta zane ce, ko ta waƙa, ko ta rubutun labari. Mun ga yadda aka yi da salon wasu marubutanmu na Kano, aka kwashi ƙirar aka bar ruhin.

Domin mu ga abin da nunin waiwaye ke iya yi idan ya samu cikakken gata, mu leƙa wani misali da ya fi kusa da mu fiye da yadda taswira ke nunawa. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya yi wa Ibrahim El-Salahi na Sudan nunin waiwaye, karo na farko da gidan ya yi wa wani mai zane ɗan Afirka irin wannan. An haifi El-Salahi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin makarantar allo ne. Ya yi karatu a makarantar Slade ta Landan a shekarun 1950, ya koma Khartoum ya baje ayyukan da ya koyo a Turai, mutanen garinsu suka ƙi kula su. Maimakon ya ce jama'a ba su waye ba, sai ya tambayi kansa abin da idonsu ya saba gani. Amsar ita ce harafin Larabci, da allo, da adon kayan gida. Ya koma ya farfasa haruffa, ya ja su, ya lanƙwasa su har suka daina karantuwa, daga cikinsu fuskoki da dabbobi da bishiyoyi suka riƙa ɓullowa. A 1975 aka tsare shi a kurkukun Kober fiye da wata shida ba tare da shari'a ba, inda ya riƙa zane a ɓoye a kan 'yan guntayen takarda, kuma wannan ya bar alama a kan yadda ya ci gaba da gina manyan ayyuka daga ƙananan gutsattsari. Wanda ya tsara wannan nuni, Salah Hassan, shi ne ya wallafa littafi a 1992 a kan fasahar malamai da rubutun Musulunci a ƙasar Hausa. Ke nan idon da ya jera ayyukan El-Salahi a Landan ya yi horo a kan allunanmu.

Allon zayyana da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani, da adon da marubuta ke sawa a farkon sura da wurin sujada da rabon hizifi, da dagi a goshin soro, da tambari da aska a riga, da zanen ƙwarya, da saƙar faifai, da tsarin hula: babu ɗaya a cikinsu da ke kwaikwayon abin da ido ke gani a waje. Sunayensu kan ari sunan wani abu, amma babu wanda ke duba aska takwas ya ce bakin askar bai yi kaifi ba. Tsantsenin da yawancin mutanenmu ke yi game da zana mai rai ya tura hannun gwanaye zuwa ga layi da ƙulli da harafi, suka kuwa yi nisa a ciki. Littattafan tarihin zane na Turai sukan sa farkon zane marar siffa a wajen 1910 zuwa 1915, lokacin Kandinsky da Malevich da Mondrian. Kafin nan da shekaru saba'in da wani abu, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya riga ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, da bakan gizonsa da adon bangonsa. Ba muna faɗin haka don gasar wa ya riga wa ba ne, domin manufar ayyukan ta bambanta: riga ta sawa ce, masallaci na salla ne, yadin Mondrian kuwa na kallo ne kawai. Abin da muke cewa shi ne idon Bahaushe ba baƙo ba ne a gaban layi da launi marasa labari. Abin da ke baƙo a wurinmu shi ne suna, da shekara, da jeri.

Nan ne maganar ta dawo Argungu. Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi da ke kusa da kasuwa, ya zauna a matsayin fada har 1942, aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1958. A wannan shekarar ta 1958 ne kuma wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da ta ce dole zanen zamani na Nijeriya ya sha daga rijiyar gida. Abubuwa biyu a shekara ɗaya, a Arewa ɗaya, kuma ba su taɓa haɗuwa ba. Uche Okeke ya koma ga uli, zanen jiki da bango na matan Ibo, ya gina makaranta guda a kansa a Nsukka. Adon ƙasar Hausa, wanda ke kewaye da ɗaliban a kowane lungu na birnin Zariya, bai samu wanda ya yi masa irin wannan hidima har ta zama makaranta ba.

Gidan Kanta yana yin aikin da aka kafa shi dominsa, kuma yana yin sa da kwarjini. Mai ziyara zai ga masu da takubba da kwari da baka, da layu, da tambura, da kayan su, ga kuma kaburburan sarakuna. Zai fito da labarin Muhammadu Kanta da Surame, da faɗuwar Birnin Kebbi a 1805, da tsayin dakan da Kabawa suka yi a Argungu kusan tsawon ƙarni na 19, da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934 wadda aka ɗora tarihin bikin su na zamani a kanta. Tarihin sarauta ke nan, kuma a tarihin sarauta ana tuna wanda ya riƙe takobi ne. Maƙerin da ya ƙera shi, da badukun da ya yi masa kube ya ƙawata shi, sun tafi da sunayensu. Haka abin yake kusan ko'ina a ƙasar Hausa. Babban Gwani ya tsira da sunansa saboda aikinsa ya jingina da sarki. Ladi Kwali ta tsira da nata, har hotonta ya hau takardar naira 20, saboda tukwanenta sun bi ta cibiyar da Michael Cardew ya kafa a Abuja ta dā, wato Suleja, aka kai su nune-nune a Turai da sunanta a jiki. Ko babban nunin fasahar Hausawa da David Heathcote ya shirya a 1976, a Landan aka yi shi.

Saboda haka darasin da muka ɗauka daga waiwayen Gani bai tsaya ga cewa a kawo ayyukansa Arewa a nuna ba, ko da yake muna fatan hakan, kuma Zariya da Kaduna sun fi kowa haƙƙin gani. Darasin shi ne a ari ƙirar nunin a yi wa namu gwanayen. A ɗauki maɗinki ɗaya, ko mai zayyana ɗaya, ko magini ɗaya, a Argungu ko Birnin Kebbi ko Gwandu ko Jega, tun yana da rai. A bi masu rigunansa gida-gida a aro ashirin, daga ta farkon ƙuruciyarsa zuwa ta bana. A rataye su bisa jeri a ɗaki ɗaya, a rubuta shekara a ƙarƙashin kowace, da sunan wanda ya koya masa. A yi shi a makon bikin su, lokacin da garin ke cike da baƙi, tun da UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016 kuma idon waje yana kansa. Ba aikin miliyoyi ba ne. Abin da ya fi kuɗi wuya a ciki shi ne yarda cewa hannun maɗinki yana da tarihi, cewa askarsa ta shekara talatin da suka wuce ba ita ce ta yau ba, kuma bambancin ya isa a tsaya a duba.

Akwai ƙalubale, kuma bai kamata mu ɓoye shi ba. Babbar riga ba aikin mutum ɗaya ba ce. Akwai masaƙi, akwai marini, akwai wanda ya zana tsarin a kan yadi, wanda sau da yawa malami ne ko almajiri mai kyan hannu, akwai masu cikawa da allura, akwai mabugi. Idan muka kwafo nunin Turai yadda yake, mai ɗaga mutum ɗaya sama kamar shi kaɗai ya faɗo daga gajimare, za mu yi ƙarya a kan yadda sana'armu take. A nan ne rabin sunan nunin Gani da muka soka ɗazu ya dawo da amfaninsa. Ta hanyar rataya ayyukan malami tare da na waɗanda suka taso a hannunsa, nunin ya amsa cewa gwaninta gida ce, tana da uba da 'ya'ya da jikoki. Wannan ya fi kusa da yadda muke faɗin silsilar karatu, wane ya ɗauka daga wane, fiye da nunin mutum ɗaya tilo. Haɗarin kwaikwayo yana nan, amma a zaure ɗaya ne kawai mai kallo zai iya bambance ɗalibin da ya gaji idon malaminsa da wanda ya gaji motsin hannunsa kurum.

Kafin mu tashi daga rumfar, dattijon ya sake karɓar wayar. Wannan karon bai juya ta ba. Ya sa yatsa biyu ya faɗaɗa hoton yadda jikokinsa suka koya masa, ya bi wani malalen launi da farce har inda wani siririn layi ya tare shi. Ya ce, "Nan ruwa ne ya tafi da kansa. Nan kuwa shi ya tsai da shi." Muka tambaye shi ko yana tuna rigar farko da ya gama da hannunsa. Ya ce yana tunawa sarai, ta wani ɗan kasuwa ce da ya rasu da daɗewa, kuma askarta ta karkace ta gefen hagu har maigidansa ya sa ya warware ya sake. Muka ce ina rigar take yanzu? Ya ce sai dai a tambayi magada, ya mayar da kansa ga allura.